Sunan Kakar Monse

Doña Monserrate Irizarry maƙwabciyata ce a garin Adjuntas na Puerto Rico tun muna amare, kuma ni ce uwar baftismar ɗanta na fari. Monse muke ce mata. Ƙuruciyarta duka a madafar firamare ta ƙare, tana dafa wa yara shinkafa da wake. Mace ce da in ta ce za ta yi abu, to ka ɗauka an gama.

In Nuwamba ta kama, kowa a nan yakan rubuta sunayen mamatansa ya kai coci, Fada ya karanta a yi musu addu'a. Tun da Allah ya karɓi ran maigidana, a teburinta muke rubuta namu tare. Kullum takan bar gurbi a ƙarƙashin sunan mahaifiyarta, Hilaria. Gurbin kakarta ne, wadda babu wanda ya san sunanta.

Hilaria 'yar riƙo ce. Ta tashi a ƙauyen Yahuecas a hannun wata mata da kowa ke kira Doña Moncha, ta ɗauki sunan gidan, Vélez, ta rayu da shi. Har ta koma ga Allah tana cewa uwarta yar da ita ta yi kamar ɗan kyanwa. Wannan magana ta daɗe tana cin Monse.

Shekarar da ta ajiye aiki, ta ji cewa takardun ƙidayar da aka yi a Puerto Rico tun zamanin kakanni suna cikin kwamfutar ɗakin karatu na gari. Ta ce bana sai an karanta sunan nan.

Mijinta Don Cheo ya yi dariya har ya ƙware. "Ke da wayarki ma sai na kashe miki, kwamfuta za ki tunkara?"

"Ci ayabarka, tsoho," in ji ta. "Na ciyar da rabin garin nan, akwatin ƙarfe ne zai gagare ni?"

Ni ke raka ta, in zauna gefe da carbina. Ta buga Hilaria Vélez, babu. Ta buga Moncha, babu, domin mu nan da sunan wasa muke rayuwa mu mutu, amma mai ƙidaya sunan baftisma yake rubutawa. Gidajen Vélez kuwa sun cika ƙauyen. Sai ta daina tambayar na'ura, ta buɗe ƙidayar 1920 ta Yahuecas daga shafin farko, tana bin layi da yatsa. Rubutun kamar sawun kaza, tabaraunta a kan hanci, tana yi wa marubucin faɗa kamar yana gabanta: "Haba bawan Allah, gudu kake yi ne?"

Makonni muka yi a haka. Ran nan sai yatsan ya tsaya. Gidan wani Vélez da matarsa Ramona, a ƙarshen 'ya'yansu ga yarinya 'yar shekara huɗu, an rubuta 'yar riƙo. Hilaria Soto y Quiles. Ashe ba Vélez ba ce a takarda, sunan ubanta da na uwarta ke gare ta kamar kowa.

Na ce wa Monse a hankali, "'Yar'uwa, gangara ƙasa kaɗan." Mai ƙidaya da ƙafa yake bin hanya, gida bayan gida, don haka wanda ke bin ka a shafi maƙwabcinka ne. Gidan da ke biye na wata mata ce mai tsinkar gahawa, mijinta ya rasu, ga yara jere a ƙarƙashinta, kowanne Soto y Quiles. Sunanta Eduviges Quiles.

"Kada ki yi murna tukuna," Cheo ya ce da muka dawo. "Sai ki kai wa Fada kakar wani ya yi ta addu'a a banza."

"Addu'a ba ta zama banza, arnen banza," in ji ta. Amma washegari ta je ofishin coci aka duba mata tsofaffin littattafai. Ga baftismar Hilaria, uwa Eduviges, uwar baftisma Ramona. Ramona ita ce Moncha. Ga kuma jana'izar Eduviges, shekara guda bayan ƙidayar.

A hanyar gida Monse ta tsaya a gindin bishiya tana haki. Ta ce, "Kin gani? Miji ya mutu, ƙila ita ma ta ji jikinta ba daidai ba, ta miƙa ƙaramar ga uwar baftismarta. Ai alkawarin da ake yi ke nan a gaban Allah. Da ni ce, ke zan ba. Kuma gida na jikin gida! Tana jin kukanta daga tsakar gida. Wannan ce aka ce ta yar?"

Ranar tunawa da mamata cocin ya cika, har Cheo ya sa takalmi ya zo. Fada ya bi sunaye har ya iso kan na Monse: Hilaria Soto Quiles, Ramona ta gidan Vélez, Eduviges Quiles. Monse ta ce amin da ƙarfin da ya sa mutanen layin gaba suka waiwayo. Ita ko a jikinta.