In Da Duniya Shimfiɗe Take

A gidanmu uwa ba ta hira da ɗan fari. Haka na taso na gani a unguwarmu Limancin Kona cikin birnin Zariya, haka na yi wa nawa. Ban taɓa kiran sunansa ba, abinci ma ƙanwarsa nake ba ta kai masa. Ya girma, ya samu aiki a wata ƙasa can bayan teku, yana sarrafa ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da ake duba gonaki da su.

Kafin tafiyarsa suka saɓa da babansa. Malam ɗinkin babbar riga yake yi a zaure, kuma shi a wurinsa duniya shimfiɗe take kamar tabarma. Yaron ya yi masa dariya a gaban baƙi. Tun daga nan in waya ta yi ƙara ranar Juma'a, sai Malam ya ce, "Ɗauka, taki ce." 'Yan matan duk sun yi aure, gidan daga ni sai shi. Dole na ɗauka.

Da farko gaisuwa ce kawai, sai shiru, ina jin numfashinsa. Tsorona kada saɓanin nan ya kai mutuwa ta raba shi da babansa ba su shirya ba.

Wata rana Malam yana saka zare a allura ya ce, kamar da bango yake, "Jirgin nasa ai miƙewa yake yi. In ya so, ya turo shi Zariya mu gani." Na kai maganar yadda take.

"Inna, ki ce masa ko da shimfiɗe take ba zai iso ba. Batir zai ƙare tun bai bar garin nan ba."

Na tafi zaure na faɗa.

"Fatake rana ɗaya suke isa Gwanja? Ya yi zango, a sake masa batir."

"To wa zai tsaya tsakiyar teku riƙe da batir, Inna?"

Haka muka ɗauki watanni. Yaron ya ce umarnin da yake aika wa jirgin raguwa yake da nisa, kamar mai kira daga cikin ganuwa yana so a ji shi can wajen birni a Tudun Jukun. Ya ce taurarin ɗan Adam da ke nuna masa hanya zagaya duniya suke yi, in tabarma ce me za su zagaya? Malam ya ce ya bi taurarin Allah. Shi kuma ya ce hadari fa?

Karatuna na yaƙi da jahilci ne, rabin maganar ba na ganewa. Ina tafe ina maimaitawa a baki kada ta zube kafin zaure. Nakan ce ya sake faɗa a hankali, ko na riƙe. A nan na san dariyarsa irin ta mahaifina ce, kuma sanyin garin yana sa masa ciwon ƙirji.

Wata Juma'a da damina na haɗa maganar iska da ta batir. Malam ya ɗago. "Ba haka zai ce ba, kin ɓata. Miƙo wayar."

Suka yi ta musu har aka kira la'asar. Abin da na roƙi Allah ke nan.

Yanzu wayar Malam yake kira. In sun gama sai in jiyo murya daga zaure, "Yana gaishe ki."

"Ina amsawa," nakan ce, in ci gaba da tankaɗe.