Yau Na Riƙe Sitiyari a Khumra

Ina zaune ina rubuta burina na shigowar rabi'i, wato bazara, sai ga Khala Zainab, maƙwabciyata 'yar Sudan.

Na ce, "Khala, an ce rana ta shiga burujin Rago, kuma lissafin sunana ya ba da ɗaya, wai lambar sabon farawa. Bana zan koyi tuƙi!"

Ta ce, "Bara ma haka kika ce. Gaibu sai Allah, 'yata. Yalla, tashi, ga makullin motata."

Wallahi sai ga mu a wani fili a unguwar Khumra, ina riƙe da sitiyari, ina ihu, Khala na dariya har da hawaye. Jama'a, na tuƙa mota! Ni!

Ku fa, wane buri kuke ta cewa sai baɗi?