Goggon Kicin da Ta Ƙi Soya wa Dogo Awara

Idan la'asar ta yi sanyi, injinan gareji suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya, a lokacin ne aikin Goggo yake tashi. Kicin ɗinta ɗan ɗaki ne a bayan wurin wankin motoci: murhun gas mai kai biyu, teburin ƙarfe, dogon benci, da tagar da ba ta rufuwa sai an dake ta da gwiwar hannu. Nan take ciyar da masu aikin yamma, makanikai da masu walda da direbobin da suka dawo da bas, mutanen da hutunsu bai kai a jira nama ya nuna ba. Shi ya sa ta riƙe awara.

Tana shigowa za ta naɗe awarar a tsumma mai tsabta, ta kifa faranti, ta ɗora tukunyar ruwa a kai don ta tsane. Kafin ta gama yanka albasa da daka citta da tafarnuwa, ruwan ya fita. Sai ta yayyanka, ta barbaɗa gishiri da ɗan garin masara, ta jera a kasko mai zafi. Barkono da sauran kayan yaji sai ƙarshe, bayan ta rage wuta. Ka wanke hannu ka zauna, kafin ka gama zagin wanda ya ɗauke maka sifana, faranti na gabanka.

Da baƙin gashi muka shigo garejin nan muka tarar da ita, yau furfura ta cinye mu tana nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Kamfani na rataye hoton gwarzon direba a bango, amma ba a taɓa tambayar wa yake cika masa ciki ba. To, yau ranar Goggo ce.

Ba za a ce tana da sanyin baki ba, ƙarya ba kyau. Ka ce yaji ya yi yawa, ta ce, "Ga famfo can." Ka ce ba ka ƙoshi ba, ta ce, "Cikin naka tankin tirela ne?" Amma in ta ga kana tauna da gefe ɗaya, gobe taka za ta fi ta kowa laushi, kuma ba za ta ce maka uffan ba.

Wanda ya fi kowa sanin ko wace ce Goggo shi ne Dogo mai walda. Matarsa ta rasu bayan gajeriyar jinya, ta bar masa yara biyu, mace da namiji, duk 'yan firamare. Dogo zai haɗa maka ƙarfe biyu har ka rasa inda aka haɗa, amma ko ƙwai bai taɓa dafawa ba. Kullum ya tashi aiki sai ya biya shago ya sayi burodi da biskit da lemon kwalba. Yara suka fara ramewa, ƙaramin ya kama ciwon ciki. Surukarsa, kakar yaran, ta zo daga garinsu, ta buɗe tukwane ta tarar gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

Ta ce, "Na rasa 'ya, ba zan rasa jikoki ba. Da an yi hutun makaranta zan dawo in tafi da su."

Garin nata tafiyar yini ce cur. Dogo ya san in suka tafi, sai dai ya riƙa jin muryarsu a waya. Ya kwana yana juyi, washegari ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hularsa.

"Goggo, taimako nake nema. Ki riƙa ƙara hannu kullum in tafi wa yara da shi. In kakarsu ta zo sai in ce ni na dafa."

"A'a."

"Haba Goggo..."

"Na ce a'a. Ranar da gwiwata ta kwantar da ni fa? Walda za su ci? Kuma tsohuwar da kake son yi wa wayo, gindin tukunya kawai za ta duba ta san ko an ɗora ta a wuta. Shigo ka wanke hannu. Da sabulu, ba da fetur ba."

Ta kuma kafa masa doka: abin da ya soya da hannunsa, shi zai kai gida, ya yi kyau ko bai yi ba. A gareji aka yi ta gunaguni. Wani direba ya ce tsohuwar nan dutse ne a ƙirjinta, mutum na cikin makoki tana sa shi yankan albasa. Goggo ta ji, ta yi kamar da bango ake.

Ranar farko ta ce ya danne awara da abu mai nauyi, ta fita ɗauko mai. Dogo ya duba tukunyar ruwan nan ya ga wasan yara ne. Ya je ya ɗauko tsohon ƙarfen birkin babbar mota, ya wanke shi tas, ya ɗora. Goggo ta dawo ta tarar awara ta fito ta gefen tsumma kamar taɓo.

"Dogo, ruwa na ce ka fitar, ba rai ba!"

Haka ya soya dagargazajjen abinsa ya kai gida. 'Yar tasa ta duba faranti ta ce, "Baba, mota ce ta taka ta?" Bai iya ce mata ta kusa canka ba.

Babbar matsalarsa ita ce hannu. Hannun Dogo ba ya zama. Yana jera awara a kasko zai fara tona ta da cokali, ta manne, ta yage, fatar ta tsaya a gindin kasko. Goggo ta buge masa hannu da ludayi har ta gaji. Rannan sai ta ce masa:

"In ka ɗiga walda, kana jijjiga ƙarfen kafin ya kama?"

"Wane mahaukaci zai yi haka?"

"To me ya sa kake jijjiga min awara? Ka bar ta. In ta soyu, ita za ta saki kaskon da kanta."

Daga nan ya fara kama hanya. Ba a rasa ranar da ya zuba barkono a tafasasshen mai ba, duk gareji aka kama tari, har manaja ya fito da gudu yana tambayar ina ne ke cin wuta. Goggo dai tana nan. Kowa ya ci ya koma bakin aiki, ita tana tsaye a kan gwiwoyin nan masu ciwo tana kallon kaskon wani. Da hannunsa ya faɗa, ta kore shi daga kicin ɗinta, ta ce ya je ya ɓata na gidansa.

Kaka ba ta jira hutu ba. Wata Talata Dogo ya dawo gida da magariba, a gajiye, ya tarar da ita zaune a falo, ga ƙatuwar jaka babu komai a ciki, yara sun yi tsuru-tsuru. Ya durƙusa.

"Mama, sannu da hanya."

"Yawwa. Me za su ci?"

"Yanzun nan, Mama."

Ta jawo kujera ta dasa a ƙofar kicin. Dogo ya ɗora shinkafa, ya danne awara, ya yanka albasa, gumi na bin ƙeyarsa. Mai ya yi zafi, ya jera. Kasko ya fara ƙara.

Kaka ta ce, "Kai, juya mana! Ba ka jin tana ƙonewa?"

Tun da ya auri 'yarta bai taɓa musa wa matar nan ba, ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Ga cokali a hannunsa. In ya bi maganarta awara za ta yage a gabanta, in ya ƙi ya yi wa suruka rashin kunya. Ya sunkuyar da kai.

"Mama, ki yi haƙuri, ba ta kai ba tukuna."

"Au, ni za ka koya wa girki?"

"Wane ni, Mama."

Amma bai juya ba. Ya tsaya kamar an dasa shi, sai da ya taɓa ɗaya da bakin cokali ta zame da kanta. Ya kifa ta: ja-ja-jur, ko ɗigo bai manne ba. Ya rage wuta, ya zuba albasa da citta da tafarnuwa da barkono, ƙanshi ya cika gidan. Babbar ta tashi ta jera faranti ba wanda ya aike ta. Ƙaramin ya zauna yana tsince albasa yana turo baki.

"Baba, kullum sai ka cika albasa. Kullum!"

Kaka ta dubi yaron, ta dubi kumatunsa da suka ciko. Sannan ta ja faranti ta ci, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Da safe ta ɗauki jakarta yadda ta zo da ita. A bakin ƙofa ta ce, "In an yi hutu ka kawo min su su yi min mako guda. Sai ka zo ka ɗauki 'ya'yanka."

Dogo ya shigo kicin ɗin Goggo, ya zayyana mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ka wanke kaskon, ko ka bar shi ya kwana?"

Goggo, ke ce uwar masu baƙin hannu. Ke ce mai a'a da ta fi to ɗin wasu amfani. Da kin cika masa leda kullum, da ya tafi yana sa miki albarka, mu ma mu ce kin kyauta, kuma da yanzu gidansa shiru. Kin yarda a zage ki, kin yi tsayuwar da ba ta cikin aikinki, yara biyu suna kwana ɗaki ɗaya da ubansu. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa ki huta cikin rufin asiri.

Ku kuma masu sana'a a hannu, in mabukaci ya tsaya a ƙofarku, kada ku sallame shi don ku huta. Ku ja shi ciki, ku jure ɓarnarsa har ya iya.

Ranar Alhamis ce ranarta ta ƙarshe, duk wanda ya taɓa zama a bencin nan ya zo. Dogo ne zai soya, Goggo za ta zauna a kawo mata. Ta riga ta faɗa cewa in ya ƙona, a gaban kowa za ta faɗa masa.