Ranar da Halliru Ya Buɗe Babban Babur

Halliru bakanike ne a Beli, cikin ƙasar Rogo. A Karaye ya koyi aiki, ya ɗan zauna a Kano wurin wani mai gyaran janareta, sannan ya dawo gida ya auri Rabi'atu, 'yar Bappa Shitu mai sayar da fetur a kwalabe. Teburin surukin nasa yana tsallaken titi, daura da rumfarsa. In ban da gaisuwar safe, wadda Halliru ke yi a tsugune, doguwar magana ba ta haɗa su.

Wata rana da damina ina rumfar ana gyara mini birki, sai ga Uwais, ɗan wani dillalin shanu na Ruwan Bago, ya turo babban babur irin na gudu, wanda mahayinsa ke kwanciya a kan tanki. Wandonsa ya yage, gwiwa tana jini, jama'a na biye da shi. Ya ce tun da ya sha mai a wurin Bappa Shitu babur ɗin ke fizga, ya ja ya saki, har ya watsar da shi a kwana.

"Kananzir tsohon nan yake zuba mana!" in ji wani daga baya.

Kafin a jima ɗan aiken dagaci ya iso. Ya ce in ta tabbata man gauraye ne, yau teburin zai bar bakin titi. Bappa Shitu ba shi da gona, teburin nan ne abincin gidansa. Yana zaune da carbi a hannu.

"Malam Halliru, ka duba," in ji Uwais. "Amma mun san surukinka ne."

Halliru bai dubi tsallaken titi ba. Ya zuƙe man babban babur kaf, ya juye a nasa ƙaramin babur da ya riga ya zazzage, ya miƙa wa Uwais makulli.

"Hau da kanka."

Uwais ya je ya dawo, babur lafiya lau.

"Wannan ai ko ruwan koko ka ba shi zai tafi," in ji mai shayi. Aka yi dariya, ban da Halliru.

Aka sayo mai daga gidan mai, aka zuba wa babban. Ya tashi, da aka murɗa totur sai ya fizga kamar dā. Duk da haka wasu suka ce ai man farko ne ya riga ya lalata injin. Ɗan aiken dagaci ya ce shi dai a nuna masa cutar da ido.

Halliru bai taɓa buɗe irin wannan babur ba, ya kuma faɗa a gaban kowa. Ya kwance murfin gefe a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Babu kafireta. A inda wayar totur ta ƙare akwai wani ɗan baƙin abu mai soket.

"Sensa ce," in ji Uwais. "Wanda ya sayar mini ya ce ita ke gaya wa injin yawan man da zai sha. In ta mutu, sai an aika Legas."

Halliru ya ɗauko mitar gwajin da ya zo da ita daga Kano, ya jona, ya ce Uwais ya murɗa totur sannu a hankali. Allurar mitar ta hau, ta faɗi, ta sake zabura. Halliru ya taɓa wayar da yatsa, allurar ta kuma yin tsalle. Ya zare soket ɗin. Cikinsa laka ce da koriyar tsatsa.

"A ina kake wanke babur ɗin?"

"A rafi mana, inda kowa ke wanke nasa."

"Har ciki kake tura shi?"

Uwais ya sosa ƙeya.

Halliru ya goge soket ɗin da tsohon buroshin haƙori, ya matse bakin ƙarafunan da allura, ya bar shi a rana ya bushe. Ya mayar, ya naɗe da robar cikin taya. Sannan ya ɗauki kwalba daga teburin surukinsa, kansa a sunkuye, ya ƙara a tanki.

Bugun farko babur ya yi tari ya mutu. A na biyu ya kama. Uwais ya hau, ƙararsa ta yi nisa har ta ɓace. Muka tsaya muna kallon titi.

Da ya dawo, babur bai fizga ko sau ɗaya ba, bai tsaya a rumfar ba. Ya kafe babur a gaban teburin Bappa Shitu, ya cire hular kwano, ya durƙusa da gwiwar da ba ta ciwo.

"Bappa, a yafe mini."

"Allah ya yafe mana," in ji tsohon. "Je ka a wanke maka ciwon nan kafin ya kumbura."

Ɗan aiken dagaci ya karkaɗe rigarsa, ya ce zai gaya wa mai gari teburi na nan daram.