Godelieve, Mai Kwanciya a Bakin Aiki

Ƙarfe bakwai na safe Godelieve Vanhoutte take sauka daga jirgin ƙasan da ke bin bakin teku a garin Ostend, da burodinta a jaka, ta shiga otal ɗinmu ta ƙofar shara. Shekara talatin da huɗu ke nan tana shugabantar masu gyaran ɗakuna a wannan gidan caca na masu hannu da shuni. Ni da ke tsaron ƙofar gaba, kowa ya san fuskata. Ita kuwa baƙi ba su san ta ba, sai ɗan katin da take sa wa hannu ta ajiye kan matashi, shaidar ɗaki ya yi.

Yadda take duba ɗakin ne ya raba ta da kowa. In an gama gyara, sai ta cire takalmi, ta kwanta a gadon, ta rufe ido minti biyar tana saurare. Ta ce baƙo a kwance yake cin kuɗinsa, ba a tsaye ba. Da haka ta kama famfon da ke ɗiga cikin bango, da firijin da ke gurnani, da tagar da ke fito in iskar teku ta taso.

Bara aka kawo mana sabon manaja, Thibault Declercq, mai takardun ilimi cike da jaka. Ya jera injinan caca arba'in daidai ƙarƙashin ɗaki na 214, ƙararsu tana hawowa ta bututun iska. Baƙi suka yi ta ƙorafi. Maganinsa? A ƙara cakulan a kan matashi. Cakulan fa, jama'a!

Godelieve ta ƙi sa hannu kan katin ɗakin, ga shi saura wata biyar ta yi ritaya. Ina wurin, na hau da jakunkunan wani baƙo.

"Madam Vanhoutte," in ji manaja, "gyaran gado aka ɗauke ki, ba barci a kai ba. Ko ki sa hannu, ko ki ajiye makullai yau."

"Zan ajiye, ranka ya daɗe. Amma fara cire takalminka."

"Na'am?"

"Takalmi, ɗana. Yanzun nan aka canja zanin gadon."

Ya kwanta da kwat ɗinsa don ya ƙaryata ta. Minti ɗaya da rabi ya jure, ni na duba agogo. Ya tashi yana sosa kunne.

"Kullum haka yake?"

"Ai yanzu rana ce, tsofaffi 'yan fansho ne kawai ke wasa. Bari Asabar ta zo."

Aka rufe ɗakin sai da aka gyara bututun. Makullanta suka zauna a ƙugunta. Amma ku ji abin haushi: da masu otal suka zo taro, manaja ya miƙe ya ce ya ƙirƙiro sabon tsari, wai shi "sauraron ɗaki". Har tafi aka yi masa. Tana can sama tana ninke tawul.

Ke ce kunnen gidan nan, Godelieve. Ke ce kika sa mutumin da caca ta cinye ya samu aƙalla barci. Mun gode, mu da muka gani da idonmu. Ku kuma da za ku gaje ta, kada ku sa hannu kan abin da ba ku kwanta a kai ba.

Ranar Juma'a ta yi ritaya, aka sallame ta da jawabin minti biyu, manaja ya miƙa mata kyauta a naɗe. Ta buɗe a gabanmu. Cakulan ne.