Yadda Ramoni Ya Zama Uwar Dada

Morenike mai tuwon amala ta tashar motar Ogbomosho da gashinta aka haife ta, a murɗe igiya-igiya, shi ya sa kowa Dada yake ce mata. To a al'adarsu ɗan dada, wato mai irin gashin nan, uwarsa ce kaɗai ke da ikon sa masa almakashi, shi ma sai an dafa wake da manja, an raba wa yara rake. Uwar Morenike tana ta baɗi, baɗi, har ƙasa ta rufe mata ido ba a yi ba.

Shekara arba'in da uku gashin nan yana tsawo, in za ta zauna sai ta tattare shi kamar zane. Ran Lahadi take wanke shi da sabulun salo, ta bi kowace igiya da man kaɗe, ta baza a kan igiyar shanya tana zaune a gindi, maƙwabta su nemi wani wurin da kayansu. Abu ɗaya ta riƙe har ƙashinta: ran da baƙon hannu ya yanke mata gashi, ba za ta cika kwana bakwai ba.

Sai ga Ramoni, sabon shugaban 'yan kamasho, ƙato mai wuya kamar turmi, ya yi tatul da barasar ogogoro tun hantsi.

"Anti Dada, wai da gaske ɓeraye na kwana a dajin nan na kanki?"

"Ƙwarai, ɗan nan. Babanka ma ya nemi ɗaki, na ce ba na karɓar gafiya."

Tasha ta kwashe da ihu. Ramoni ya duba, har yaransa na riƙe da ciki. Ya zaro wuƙa, ya damƙo igiya guda ta bayan kunne, ya datse.

Wallahi har injin mota sai da ya yi shiru.

Morenike ta zaro muciya daga tukunya, amala na tururi a jiki, ta zabga masa a baki. Haƙora uku suka yi tsalle, an ce ɗaya a Ilorin ya sauka. Kafin ya tofar da jinin ta kife masa tukunyar miyar lalo a ka, ta bi tukunyar da duka kamar ganga. Yaransa suka fasa kwalabe suka yo kanta, ɗaya ya tsaga mata dantse. Sai matan kasuwa suka fito da taɓare. Aka karya benci a bayan wani, aka zura kan wani ta gilashin bas, mai kifi ta ciji kunnen kwandasta ta ƙi saki har aka ja su tare. Jini da manja suka gauraye a ƙasa, ba ka gane wanne ne wanne.

Ta ci faɗa, amma da ta koma gida sai ta kwanta. Zazzaɓi ya rufe ta. Ta daina cin abinci, ta raba tukwanenta, tana ƙirga kwana da yatsa.

A kwana na huɗu, Iya Wulemotu, tsohuwa mai sayar da saiwoyi, ta jagoranci mata zuwa gidan Ramoni. Suka same shi an naɗe masa kai kamar ƙullin alale.

"Uwa ce kaɗai ke yanke gashin dada," in ji ta. "Ka yanke. To ka zama uwa. Tashi ka ƙarasa aikinka."

"Iya, ni fa namiji ne!"

"Da za ka zaro wuƙa ka tuna?"

Ya leƙa bayanta, taɓare sun fi arba'in. Ya ce ina zanen.

Da ɗaurin ƙirji Ramoni ya dafa wake a tsakiyar tasha, hayaƙi na shiga gurbin haƙoransa. Ya bi yara da rake. Aka tallabo Morenike aka zaunar, ya durƙusa ya wanke mata gashi igiya bayan igiya, tsohuwa na tsaye tana make masa ƙeya duk inda ya ja da ƙarfi. Sannan ya ɗebo wake a cokali, ya kai mata baki.

Ta daɗe tana kallon cokalin. Can ta buɗe baki ta karɓa. Ta tauna, ta haɗiye, ta miƙa hannu ta janyo kwanon gaba ɗaya.

"Iya," ta ce masa, "waken nan ba gishiri."