Ki Yi Ƙanana

Gwaggona mai kitso ce, kuma ban taɓa ganin mai son littafin soyayya irinta ba, duk da ba ta riƙe shi da hannunta. Yatsunta kullum cikin man kitso suke. Sau ɗaya ta gwada, mai hayar littattafai ya yi ta mita a kan tabon babban yatsa a kowane shafi. Daga nan ta kafa doka: duk yarinyar da za ta zauna a gabanta, ta zo da littafi ta karanta da ƙarfi.

Shagon nata ɗan ɗaki ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Kujera ɗaya, tabarmar roba, madubi mai tsaga a gefe, sai gwangwanin da take ajiye mataji da kibiyar tsaga gashi. A nan muka karance littattafan 'yan mata na lokacinmu, kusan duk bakinsu ɗaya. Ko dai mawaƙin da duniya ta sani ya ɓuya wa masoyansa a wani kanti, ya ci karo da yarinyar da ba ta ma san shi ba, ko kuma yarinya ta wayi gari tauraruwa, saurayinta na da yana kallonta a allon talla.

Da wuri muka gano halinta. In labari bai yi mata ba, manya-manya za ta yarfa miki, kafin ki gyara zama an gama. In ya yi daɗi kuwa kin shiga uku, don ƙanana za ta yi ta yi, siri-siri kamar zaren ɗinki, kada kai ya ƙare kafin littafi. Har a makaranta in an ga kanki sai a ce, "Ke, wane littafi kika kai wa Gwaggo? Ara min."

Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta fi mu iya karatun. In ta zo wurin waƙa a littafi ba ta karantawa, rerawa take da karin da ta ƙirƙiro. Wata rana ƙawarta ta ɗauke ta a waya tana yi, abin ya zaga duniya. Ba a jima ba wani saurayi mai haɗa kiɗa ya zo da maganar aiki, da ta aure a gaba. Gwaggo ba ta hana ba. Ranar tafiya dai ta yi mata ƙananan da ban taɓa ganin irinsu ba, Auta na ta cewa, "Mama, mota fa za ta tafi ta bar ni."

Auta ta yi suna. A hotunanta duk gashin kanti take sawa, Gwaggo sai ta sa in buɗa mata hoton daidai goshi, ta ce, "Wa ke taɓa mata kai ne?" Kiran waya ya fara gajarta, daga baya ya koma gaisuwar da ake aikowa.

Sai sauraron Gwaggo ya canza. Ana tsakiyar soyayya za ta ce, "Dakata. Uwar yarinyar fa?"

"Gwaggo, ba a faɗa ba."

"Duba gaba."

In duba gaba, babu. Har yau ina jin haushin marubutan nan. Ko su kashe uwa tun farkon littafi, ko su bar ta a bakin ƙofa tana ɗaga hannu, shi ke nan. Ita kuwa abu ɗaya take son ji: yarinyar da ta tafi haka, tana dawowa ta zauna a tabarma? Da ta rasa amsa, kowa ya koma samun manya, har 'yan mata suka fara sauya shago. Ni tausayinta ya hana ni.

Wata la'asar ina zaune, an yi rabin kaina, mota ta tsaya. Auta ce, ta rame, da baƙin tabarau. Mai gyaran waya ya taso zai ɗauki hoto, Gwaggo ta sakar masa labule a fuska.

Bayan gaisuwa Gwaggo ta ce, "Ina mutumin naki?"

"Ya samu wata muryar, Mama."

Auta ta cire gashin kantin. Gam ya cinye mata gaban goshi, sauran ya cukurkuɗe. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta zungure ni da gwiwa. "Tashi."

Auta ta zauna a wurina. A waje direba ya danna hon. Gwaggo ta ce, "Bari in yarfa miki manya, yanzu ki tafi. Na san ana jiranki."

Auta ta kwantar da kai a gwiwarta. "Mama, ki yi ƙanana. Labarin da tsawo."

Gwaggo ta goge kibiya a gefen zane, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ke mai rabin kai, je ki ce wa direban nan ya kashe motarsa."